SpyderX Pro a shagon hoto a Garwa: abin da ta gyara mini

Duk mai wanke hoto a Garwa ya san wannan ƙorafin. Hoton amarya ya yi kyau a kwamfuta, amma da an buga shi a takarda sai ya fito da duhu, fuska ta dusashe, zanen lalle ya ɓace cikin fata. Nan da nan a ɗora wa firinta laifi, ko a ce tawada ce ba ta da kyau. Sau da yawa kuwa ciwon yana jikin allon da ake gyaran hoton a kansa. Shi ya sa na aika Duwala aka sayo mini SpyderX Pro, na'urar auna launi da hasken allo ta kamfanin Datacolor, wadda ta fito kasuwa a 2019, kuma tun kafin azumin da ya wuce nake aiki da ita.

Ƙaramar aba ce da ke shiga tafin hannu, da wayarta ta USB. Murfinta ake ja a kan wayar a sako shi ta bayan allo, nauyinsa ya riƙe ta, idonta na manne da gilashin. Manhajarta da ke kan kwamfuta sai ta riƙa nuna ja, kore, shuɗi da ruwan toka kala-kala, ita kuma tana auna abin da allon ya fitar a zahiri. Daga nan manhajar ta rubuta fayil ɗin ICC, wato bayanin launin allon, da kwamfuta za ta riƙa bi. Awon kansa wajen minti 2 ne. Shirin ne mai ɗan cin lokaci: a bar allo a kunne minti 30 ya ɗumama, a kashe tsarin hasken dare na Windows, a goge ƙura, wadda a lokacin hunturu kullum sai ta kwanta.

Lambobi uku nake ba ta: fari a kelbin 6500 (ma'aunin yadda fari ke ja zuwa rawaya ko shuɗi), gamma 2.2 (yadda duhu ke hawa zuwa haske), haske a kandela 120 (ma'aunin ƙarfin hasken allo). Na ukun nan shi ya fi yi mini amfani. Alluna da yawa suna kai kandela 250 ko 300, mu kuma muna barinsu a ƙure saboda ranar garin nan. Allo haske yake fitarwa daga jikinsa, takarda kuwa ba ta da nata, sai wanda ɗaki ya ba ta. Idan allonka ya cika haske, za ka ga fuskar mutum ta fito sarai, ka ce ta isa, alhali a cikin fayil ɗin duhu ne. A kan farar fata abin bai cika tsanani ba. A kan fatarmu, baƙi ko wankan tarwaɗa, duk kyawun fuskar yana wuraren da ke kusa da inuwa: gefen kumatu, ƙasan ido, inda gyale ya sauko a goshi. Ɗan kuskure kaɗan ya isa ya haɗiye su gaba ɗaya. Uwar amarya ta biya kuɗinta, ta ɗauki ranar nan da muhimmanci, hakkinta ne ta ga fuskar 'yarta yadda Allah ya yi ta. Mai awo a kasuwa ba ya sayar da gero da mudun da bai san girmansa ba, mu ma bai kamata mu gyara hoton mutane a allon da ba mu auna ba.

Da na'urar ta gama aiki, allon ya yi kamar ya rage haske ya ja zuwa rawaya. Kada wannan ya tsorata ka, ido ne ya saba da shuɗin da. Akwai maɓallin da ke nuna kafin gyara da bayansa, a nan na ga farar shadda ta koma fara, jan atamfar anko ya daina ƙuna. Hotunan hawan sallah na ƙofar Lamiɗo, masu tarin launi a rawuna da kayan dawaki, sun fito a takarda kusa ƙwarai da abin da na gani.

Sai dai allo kawai take aunawa. Firinta da takarda suna buƙatar nasu fayil ɗin, domin tawada ba ta iya kwaikwayon kowane launi da haske ke yi. Ina ajiye hotunan da zan tura wa mutane a sRGB, tsarin launin da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda intanet ke tafiya a kai, amma wayar kwastoma za ta ƙara nata ƙyalli, wannan ba a hannuna yake ba. Hasken shago ma yana da tasiri. Na'urar tana auna shi ta yi gargaɗi, ni kuma na sa labule mai kauri a ƙofar da ke kallon titi, don hasken hazo da na tsakar rana ba ɗaya ba ne. Duk wata nake sake awo, tunda allo yana canzawa da tsufa.

Mai shagon hoto, mai tsara katin biki da mai buga bana, idan suka sayi na'urar nan kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Wanda ke aiki da tsohuwar laftof mai allon TN, irin wanda launi ke sauyawa da ka ɗan sunkuyar da kai, ya fara tara kuɗin allon IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa haka, tukuna, na'urar ta biyo baya.