Yandex Translate wajen juya kalmomin Turanci zuwa Rashanci: amfaninta da inda take tuntuɓe

Hausawan Legas da ke buƙatar Rashanci kashi biyu ne galibi. Akwai ɗalibai daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke shirin tafiya Rasha karatun likitanci ko injiniya, waɗanda shekarar share fage ta koyon harshe ke jiransu. Akwai kuma masu hulɗa da takardun kaya a Apapa. Dukkansu manhajar waya suke fara buɗewa, kuma a ganinmu Yandex Translate ta fi dacewa da wannan aiki, muddin an san yadda ake riƙe ta.

Kamfanin Yandex na Rasha ne ya fito da ita a 2011. Kyauta ce, tana kan Android da iPhone. Tana fassara rubutu da murya da hoton takarda, kuma ana iya sauke Turanci da Rashanci a waya don aiki ba intanet. A sauke su inda ake da Wi-Fi, saboda tsadar data. Fassarar da ake samu ba intanet ba ta kai ta kan layi kyau ba.

Ƙarfinta yana cikin ƙamus ɗin da ke fitowa ƙasan fassarar, wanda mutane da yawa ba sa ko kallo. Rubuta spring, za ka ga весна a sama, wato bazara. Mai neman kayan gyaran mota kuwa пружина yake so, ko рессора in sifirin babbar mota ne. Duk suna ƙasa, da misalan jimloli. Wanda ya kwafi kalmar farko ya tura wa abokin ciniki ya tura shirme. Maganin abin shi ne kada ka ba ta kalma tilo. Rubuta kalmar cikin gajeriyar jimla mai nuna fagen da ake magana, sannan ka mayar da sakamakon zuwa Turanci ka ga ko ma'anar ta dawo daidai.

Sai batun nahawu, wanda nan ne ɗalibi ya fi shan wuya. Sunan Rashanci yana da jinsi uku, ƙamus ɗin kuma yana nuna su da м (namiji), ж (mace) da ср (ba namiji ba mace ba). Ka rubuta jinsin tare da kalmar tun ranar farko, domin sifa da aikatau na shuɗaɗɗen lokaci duk shi suke bi. Ƙarshen suna yana sauyawa ta fuska 6 gwargwadon aikinsa a jimla: книга littafi ne, amma in karanta shi kake yi ya koma книгу, in ba ka da shi книги. Lissafi ma haka, dubi kalmar shekara: 1 год, 2 года, 5 лет. Aikatau kuwa bibbiyu suke tafiya, ɗaya na aikin da ake ciki ko ake maimaitawa, ɗaya na wanda aka kammala, kamar читать (karantawa) da прочитать (karancewa). Manhajar takan kawo su duka ba tare da ta zauna ta bayyana maka bambancin ba. Haka go ke rabuwa: идти da ƙafa, ехать a mota. Wannan aikin malami ne ko littafin nahawu, kuma kuskure ne a ɗora wa waya.

Wani rauni da ya kamata a kula da shi sosai shi ne you. Rashanci yana da ты na aboki da yaro, da вы na girmamawa. Na'ura ba ta san wa kake rubuta wa ba. Duk wasiƙar da za ta je wurin malamin jami'a ko jami'in biza, a duba ta layi-layi a tabbatar вы ne.

Ku riƙa danna alamar lasifika. Haruffan 33 ne, ana iya haddace su cikin mako guda, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna gaɓar da ake danna wa murya, kuma ita ke raba ma'ana. Мука garin fulawa ne in an danna ƙarshe, azaba in an danna farko. Bahaushe da ya saba da karin sauti yana kama wannan da wuri in ya saurara.

Google Translate tana da Hausa, wannan fifikonta ne, amma fassara daga Hausa kai tsaye zuwa Rashanci ba abin dogaro ba ce. Gara a bi ta Turanci mai sauƙi. Kalmomin likitanci, shari'a da injuna kuma a gwada su a ƙamus ɗin Multitran, wanda ke jera ma'ana fage-fage.

Takardun hukuma, irin su fasfo, sakamakon WAEC da takardar haihuwa, ba a kai su da fassarar manhaja. Jami'o'in Rasha fassarar da notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ya tabbatar suke nema. A nan suna ne ke jawo matsala: Muhammad na iya fitowa Мухаммад a wata takarda, Мухаммед a wata, sai a ce ba mutum ɗaya ba ne. Rubutun da ke kan biza shi za a ba mai fassara ya bi a kowace takarda. Masu duba rasit ɗin kaya kuma su lura cewa Rashawa da waƙafi suke raba ɓangaren lamba: 1,500 a wurinsu ɗaya da rabi ne, ba dubu ɗaya da ɗari biyar ba.