Robar Haƙora ta Dare ta Fashe: Wacce Za Ka Saya a Madadinta?

Kafin ka jefar da robar da kake sanyawa a baki lokacin barci, ɗauke ta ka duba ta da kyau a cikin haske. Yadda ta lalace shi zai nuna maka irin wadda ya kamata ka saya. Masu cizon haƙora cikin barci da yawa sukan yi gaggawar sayo irin wadda ta gaza musu, bayan 'yan watanni kuma ta sake fashewa a wuri ɗaya.

Idan hudewa ta yi a wajen turame, ta sirance har haske yana ratsa ta, to ta yi aikinta, domin abin da ya cinye ta da haƙoranka zai ci. Sai dai hakan na nuna ƙarfin gurzarka ya fi ƙarfin kaurinta, ko kuma laushinta ya yi yawa. Idan tsagewa ta yi ta rabu biyu, yawanci ko dai ba ta zauna daidai ba, gefe ɗaya yana ɗaukar nauyin cizo shi kaɗai, ko wajen cirewa ake fizgo ta da gefe guda, ko kuma ta taɓa faɗuwa a kan daɓe mai tauri. Wadda ta lanƙwashe ta daina kama haƙora, zafi ne ya ɓata ta: ruwan zafi, rana, ko cikin motar da aka rufe. Wadda kuma cikinta ya ɓare daga wajenta, irin mai hawa biyu ce, mai laushi a ciki da tauri a waje, kuma wannan shi ne ciwon da aka san ta da shi idan ta tsufa.

Ko ma wanne ne, kada ka sake kwana da ita. Gutsure na iya ɓallewa ka haɗiye ko ya sarƙe ka, bakin tsagar na yanka harshe da dasashi, kuma robar da rabinta ya tafi tana sa wasu haƙora su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Kada ka liƙe ta da gam mai ƙarfi irin Super Glue. Ba a yi shi don zama a baki ba, ba ya jure miyau da cizo, kuma ko kaɗan gefen biyu suka kauce wa juna wajen liƙewa, zaman robar ya canza ke nan. Tattara gutsattsarin ka kai wa likitan haƙori. Idan ta akirilik ce, wato wata irin roba mai tauri, kuma tsagar ba ta yi muni ba, masu ƙera haƙora kan iya gyara ta da sabon akirilik. Mai laushi ba ta gyaruwa. Ko ba za a gyara ba, alamun gurzar da ke jikinta suna gaya wa likita inda kake cizawa da kuma yadda muƙamuƙinka yake tafiya da dare, abin da kai kanka ba za ka iya faɗa masa ba tunda barci kake yi.

Abu mafi sauƙin samu shi ne wadda ake sayarwa a kantin magani, kuma iri biyu ce. Akwai wadda aka riga aka ƙera, girma ɗaya ga kowa. Ban ga dalilin sayenta ba: ba ta kama haƙora, sai ka cije ta kafin ta zauna, alhali cizon ne ake son ragewa. Ta biyun ita ce wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, sai a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Da wata roba mai suna EVA ake yin ta. Amfaninta guda ne, wato ta riƙe ka na 'yan makonni kafin wadda likita zai ƙera maka ta fito. Tana da kauri, tana tara miyau, wasu tana sa su yunƙurin amai, kuma mai gurza da ƙarfi yana iya huda ta cikin ɗan lokaci. Wajen gasa ta ma akwai matsala: idan ka ciza da ƙarfi, daidai wurin da ake son kauri shi ne zai sirance. Wanda yake da wayar gyaran haƙora, ko haƙori mai girgiɗi, ko ciwon dasashi, ko sabon aiki a baki, ya nisance ta sai da izinin likita. Robar 'yan dambe da masu wasanni kuwa ba ta barci ba ce. Don tare duka aka yi ta, tana rufe har dasashi, ba a kwana da ita.

Sai wadda ake oda ta intanet. Kamfani zai aiko maka da faranti mai siffar baki da wani ƙullu mai kamar danƙo, ka haɗa, ka danna haƙoranka a ciki, ka mayar musu, su ƙera su aiko. Kayan da suke amfani da su sau da yawa irin na ɗakunan ƙera haƙora ne, kuma tana da arha a kan ta likita. Rauninta a wurare biyu yake. Na farko, kai ne mai ɗaukar siffar. Idan hannunka ya motsa ko turmin ƙarshe bai fito ba, haka robar za ta zo da kuskurenta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, babu mai duba bakinka kafin a yi, babu kuma mai daidaita cizon bayan ta iso. Ga mutumin da haƙoransa lafiya lau, an duba shi bai daɗe ba, muƙamuƙinsa ba ya ciwo ba ya ƙara, gurzarsa kuma matsakaiciya ce, zaɓi ne da za a iya kare shi. Idan za ka bi wannan hanya, tabbatar kamfanin yana sake ƙerawa kyauta idan ba ta zauna ba, kuma robar tana rufe duk haƙoran layin har na ƙarshe.

Wannan batu na rufe duk haƙora ba ƙarami ba ne. Haƙorin da ba ya haɗuwa da abokinsa na ɗaya layin yakan ci gaba da fitowa a hankali. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da 'yar ƙaramar nan da ake ɗorawa a haƙoran gaba kaɗai, wadda aka fi sani da NTI. Tana hana turame haɗuwa, tana kuma rage ƙarfin tsokar muƙamuƙi sosai, har wasu masu ciwon kai suna yaba ta. Amma idan aka daɗe ana sanya ta babu kulawar likita, cizon mutum na iya sauyawa har haƙoran gabansa su daina haɗuwa, ga shi kuma ƙanƙantarta tana sa a ji tsoron haɗiye ta. Kaya ne na likita, na ɗan lokaci, ba abin da za ka sayo da kanka don tsohuwarka ta fashe ba.

A wurin likita ne zaɓin yake da faɗi, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, domin kowa laushi yake so. Mai laushi ta fi daɗin sanyawa a daren farko, an fi saurin sabawa da ita, ta kuma fi arha. Matsalar ita ce baki yana ɗaukar abu mai laushi tamkar cingam, sai ya yi ta tauna. A shekarar 1987 wani likitan haƙori Ba'amurke, Jeffrey Okeson, ya auna aikin tsokar muƙamuƙi cikin barci a kan mutum 10. Da suka sanya mai tauri, aikin tsokar ya ragu a mutum 8. Da suka sanya mai laushi, mutum 1 ne kawai ya samu ragi, a mutum 5 kuwa ƙaruwa ya yi. Mutum goma ba su da yawa, kuma ba a yanke hukuncin duniya da su, amma idan mai laushi ce ta hude maka, ko kana tashi da safe muƙamuƙi a gajiye duk da kana sanya ta, kada ka koma mata.

Mai taurin da akirilik ake yin ta. Fitacciyar cikinsu ita ce wadda ake kira da sunan Michigan, saboda a jami'ar Michigan ta Amurka Sigurd Ramfjord da Major Ash suka inganta ta. Samanta a shafe yake sumul, haƙoran ɗaya layin suna zamewa a kai maimakon su kafe, kuma ana tsara ta yadda idan muƙamuƙi ya goce gefe, fiƙa ce za ta ɗauki nauyin, turame su rabu. Kaurinta a wajen turame yakan kai kamar milimita 2. Abin da kake biya a nan ba robar ba ce kaɗai. Likita zai sanya maka ita, ya ba ka wata siririyar takarda mai launi ka ciza, ya ga inda ya fi taɓawa, ya goge, ya sake gwadawa, har sai duk haƙoran suna sauka lokaci ɗaya. Bayan 'yan makonni za a sake dubawa, domin idan tsoka ta saki, zaman muƙamuƙi yakan ɗan sauya. Wannan daidaitawar ita ce ke hana irin tsagewar da nauyin gefe ɗaya ke kawowa, kuma ita ce babu a cikin wadda ake aikowa ta gidan waya. Mai tauri tana iya yin shekaru, ana iya ƙara mata akirilik idan ta cinye, ana iya gyara zamanta idan an cike maka haƙori. Aibinta: makon farko akwai takura, tana matse haƙora, kuma idan ta faɗi tana iya fashewa.

Mai hawa biyu, laushi a ciki tauri a waje, tana tsakiya. Ta dace da wanda ya kasa jure matsin akirilik amma ya fi ƙarfin mai laushi. Ba ta kai mai tauri daɗewa ba, gyaranta ma da wuya.

Yanzu likitoci da yawa sun daina cusa ƙullu a baki. Da 'yar na'ura suke ɗaukar hoton haƙora zuwa kwamfuta, sannan a sassaƙa robar daga dunƙulen akirilik ko a buga ta da injin 3D. Ga wanda ya saba fasawa ko ɓatarwa, wannan yana da wata fa'ida: siffar tana ajiye, ana iya sake fitar da wata ba tare da an fara daga farko ba. Amma sai idan bakin bai canza ba. An cike haƙori, an cire, an yi wa wani rufi, ko an yi watanni ba a sanya komai ba, to tsohuwar siffa ta tashi aiki, a ɗauki sabuwa. Saboda haka ma idan akwai aikin da ke jiranka a baki, a fara gama shi kafin a ƙera robar.

Ta sama ko ta ƙasa? An fi yin ta sama. Ta ƙasa ta fi sauƙi ga mai saurin yunƙurin amai, ba ta kuma hana magana sosai. Likita yakan duba layin da ya fi giɓi ko aikin da ake son karewa, ya zaɓa.

Akwai wata tambaya da ya kamata a amsa kafin a kashe ko sisi: kana minshari mai ƙarfi, ko an taɓa ce maka numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, ko kana tashi a gajiye kullum? Cizon haƙora yana yawan tafiya tare da ɗaukewar numfashi, kuma robar da aka saba yi tana iya ƙara tsananta matsalar ga wasu. Irin wannan mutum gwajin barci yake bukata tukuna. Idan an tabbatar, akwai wata na'urar baki daban mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba don buɗe hanyar iska, ita ma tana raba haƙora. Haka nan wanda muƙamuƙinsa ke maƙalewa, ko yake jin zafi a gaban kunne, ko haƙoransa suka fara tsagewa, ba shi da hurumin sayen ta kanti ko ta intanet. Yara ma haka, tunda muƙamuƙinsu yana girma.

A sani kuma robar ba ta warkar da cizon, tare ɓarnarsa take yi. Idan wadda ta daɗe tana maka aiki ta lalace farat ɗaya, duba abin da ya sauya. Damuwa, ƙarancin barci, shan kofi da yamma, taba da giya duk suna ƙara shi. Wasu magungunan ciwon damuwa, irin su fluoxetine da sertraline, an san suna tayar da shi ga wasu mutane. Kada ka daina sha da kanka, faɗa wa likitan da ya rubuta maka. Ga masu cizo mai tsanani da ke fasa duk abin da aka ba su, wasu likitoci na yin allurar Botox a tsokar muƙamuƙi don rage mata ƙarfi, sai dai tasirin na 'yan watanni ne, ana maimaitawa.

A taƙaice ga yadda zan zaɓa. Mai huda roba ko mai ciwon muƙamuƙi ko mai aiki mai tsada a baki, ya je wa mai tauri ta likita, ya riƙe kansa da ta ruwan zafi kafin ta fito idan likita ya yarda. Wanda tasa zafi ko faɗuwa ce ta ɓata, alhali tana masa aiki, ya sake irinta. Kafin ka biya, tambayi ko kuɗin ya haɗa da zuwan daidaitawa, wata nawa ne garantin idan ta fashe, kuma ko za a ajiye siffar haƙoranka. Idan kana da inshorar lafiya, duba ko tana biya da kuma bayan shekara nawa take yarda a sake.

Sabuwar idan ta zo, cire ta da hannu biyu daga gefen turame, ba daga gaba ba. Wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulu marar ƙarfi. Man goge baki yana karce ta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Kada ka jiƙa ta a bilic ko ruwan kurkure baki mai sinadarin barasa. Bar ta ta bushe kafin ka rufe ta a akwatinta mai huji, ka ajiye inda kare ba zai kai ba, domin ƙanshin miyau yana jan su. Duk lokacin da za ka je duba haƙora, tafi da ita a duba ta tare.