Mai dashe na hanyar Lamingo

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, zaman gida ya ishe ni, sai na fara zuwa wurin wani dattijo mai sayar da dashe a hanyar Lamingo, nan Jos. Kayansa lafiyayyu ne, a baƙar leda da takin shanu, kuma ba ya tsawwala kuɗi.

Na sayi tumatir da piya biyu. Ƙanƙarar farkon damina ta kakkarya tumatirin kaf, raina ya ɓaci ƙwarai. Da na koma, ya ce, "Malam, naka ban ruwa da cire ciyawa, sama ba a hannunka take ba." Ya ƙara mini biyar kyauta. Piya ɗaya ta rayu, yanzu ta kai ƙuguna. Ita nake fara dubawa in na dawo sallar asuba.