ScotlandsPeople: yana raka ka har bakin jirgi, daga nan sai ka nemi wata hanya

Wata dattijuwa da muke aiki tare ta roƙe ni in taya ta bin diddigin kakanta, mutumin Sukotlan, maƙeri ɗan maƙeri, wanda ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya zama injiniya, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake dawo da shi Turai da kakin soja. Abin da ke hannunta bai wuce sunansa da sunan ƙauyensu ba. Da wannan muka shiga ScotlandsPeople, shafin intanet na hukumar adana kundayen tarihin Sukotlan mai hedikwata a Edinbara, kuma ga yadda na ga shafin.

Buɗe asusu da binciken suna kyauta ne. Ganin hoton ainihin takarda ne ake biya, da makin da ake saya a shafin. Lokacin da muka yi amfani da shi, maki 30 ana sayar da su fam 7.50, takardar haihuwa ko ta aure ko ta mutuwa tana cin maki 6, wato fam 1.50. A ganina kuɗin bai yi yawa ba, saboda abin da ke cikin takardun ya fi ƙarfin farashinsu.

Tun 1 ga Janairu 1855 Sukotlan ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma magatakardanta ba su yi rowar bayani ba. Takardar haihuwa ɗaya ta ba mu sana'ar uban, da sunan gidan su uwar kafin aure, da rana da wurin da iyayen suka yi aure. Takardar mutuwa kuwa tana faɗin sunayen iyayen mamacin duka biyu. Wato kowace takarda ita ce ke nuna maka inda za ka samo ta gaba.

Inda na fi jin daɗi shi ne ƙidayar jama'a, wadda shafin ke da ita daga 1841 zuwa 1921. A ta 1901 mun tarar da kakan nata yana yaro, yana koyon ƙira a hannun mahaifinsa, sunansa a ƙarƙashin na uban, da rubutun hannu mai karkace wanda sai da muka ƙara girman hoton kafin mu karanta. A ta 1911 ya bar ƙauye, yana haya a gidan wasu a Gilasgo, an rubuta shi mai haɗa injuna. Ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san zamanin: masana'antun ƙera jiragen ruwa na kogin Clyde suna ta jan samarin da suka san halin ƙarfe da wuta. Dattijuwar ta daɗe tana kallon layin nan kafin ta ce in ci gaba.

To, a nan ƙarfin shafin ya ƙare. Shafin na Sukotlan ne, ranar da mutum ya hau jirgi ya fita daga kundinsa. Jerin fasinjojin da suka bar Birtaniya daga 1890 zuwa 1960 yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Fayil ɗin soja na kakan nata kuwa a shafin ma'ajiyar tarihin Kanada muka same shi, kyauta, da takardar da ya sa wa hannu ranar shiga soja, inda aka tambaye shi mahaifarsa da sana'arsa da magajinsa. Ta yi sa'a da a rundunar Kanada ya yi yaƙi, domin yawancin fayilolin sojan Birtaniya na wancan yaƙi sun ƙone a Satumbar 1940 lokacin da Jamus ta yi wa Landan ruwan bama-bamai. Daga cikin abin da ScotlandsPeople ke da shi a wannan fanni akwai dubban wasiyyun da sojojin Sukotlan suka rubuta, da yawa a cikin ɗan littafinsu na albashi.

Abu biyu mai shiga ya kamata ya sani. Sunayen da ke farawa da Mac ko Mc kowane magatakarda da yadda ya ga dama yake rubuta su, don haka a kunna binciken da ke kawo makusantan rubutu. Sannan masu suna ɗaya a gunduma ɗaya suna da yawa, a tace da shekara da yanki kafin a taɓa maki. Akwai kuma iyaka: ba a nuna hoton takardar haihuwa sai ta cika shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50.

Mai neman rabin rayuwar da mutum ya yi a Sukotlan, ya biya hankalinsa kwance. Mai neman labarin ƙaura da na fagen daga ya fara daga ƙasar da mutumin ya sauka, ya samo sunan mahaifarsa a can, sannan ya zo nan.