Sansanin hutun ƴan lise da aka yi a Maraɗi: ya ci kuɗinshi, amma ba ga kowane yaro ba

Jama'a assalamu alaikum. Tun da aka rufe sansanin nan na hutu iyaye ke tsaida ni a kasuwa, wai Alhaji ya abin yake, mu kai namu baɗi ko mu bari, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Maganar a gajarce ita ce in yaronka yana seri C ko D kuma ya gama segon ko faramiyar, ka kai shi, kuɗinka ba su faɗi ba. In kuwa seri A yake, ko ya riga ya ci bak yana jiran a tura shi jami'a, riƙe kuɗinka tukuna sai sun gyara tsarinsu.

Da farko a sani ba jami'ar gwamnati ce ta shirya ba, ko da yake a takardar tallar an rubuta "jami'a" da manyan baƙaƙe har wasu suka ɗauka hakanan. Wasu matasa ne da suka gama karatu da ɗaliban mastar suka haɗa kai, suka ari azuzuwa a wata lakwal mai zaman kanta, suna gayyato malaman jami'a da ma'aikata kowa ya zo ya nuna sana'arshi. Ba zan faɗi sunansu ba tunda ba talla suka ba ni ba. Sati biyu ne cikin watan Agusta, daga takwas na safe zuwa bayan azahar, ba a kwana. Na biya jika 20 har da abincin rana, kuɗin kabu-kabu naka ne. Sun ce a Amurka suka ga irin abin, can jami'o'i da kansu ke shiryawa lokacin dogon hutu yara su kwana a ɗakunan ɗalibai su shiga labo, kuɗin kuma sai dai dala. To namu bai kai can ba, amma kuma ba kur ɗin hutu ba ne da za a zaunar da yaro a maimaita mishi lissafin bara, a nan taɓa kaya ake da hannu.

Ɗiyata tun tana CM2 in ka tambaye ta mi za ki zama sai ta ce likita. Ƙawayenta ma duka likita. Ba laifinsu ba ne, mi yaron Maraɗi ke gani a matsayin aikin mai takarda? Likita, mushen lakwal, ɗan duwan, jandarma, sai wanda ke zaune a buro ba ka ma san mi yake ba. Mu iyayen kuma kasuwa muka sani, yaro ya ci bak sai a cika mishi takarda da abin da maƙwabci ya ce yana da kyau, cinikin biri a sama kenan, shi ya sa za ka ga yaro ya yi shekara biyu a wani fanni ya dawo gida ya ce Baba abin ba nawa ba ne.

Inda suka burge ni ƙwarai shi ne ɓangaren noma, kuma wallahi shi ne yaran suka fi rainawa da suka gani a jadawali, wai su da suka gudo wa hauya. Wani matashi da ya karanci ƙwarin amfanin gona ya zo musu da kwalabe da zangarniyar gero wadda tsutsa ta yi wa hanya zagaye-zagaye, wannan da duk manomi ya sani tana cinye mishi damina ana gab da girbi. Ya nuna musu wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon, da ake kiwo a labo ana zubawa cikin ƴan buhunna a kai ƙauye a rataye, in ya fito sai ya harbi tsutsar ya nasa ƙwai a jikinta, ƴaƴanshi su cinye ta, ba feshi ba guba. Kuma aikin nan a nan garin ake yinshi, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna da na jami'armu sun daɗe a kai. Yarinya an haife ta a Maraɗi ta girma a Maraɗi ba ta taɓa sanin akwai mutanen da albashinsu ke fitowa daga kiwon zanzaro ba.

Ni sana'ata wake da aya, buhun PICS ɗin nan mai riɓi uku kullum da shi muke aiki. Rannan ta dawo ta zauna kusa da ni ta ce "Baba ka san mi ke kashe ƙwarin cikin buhu?" Na ce faɗa mini. Ta ce ledoji biyun ciki ba su barin iska ta shiga, ƙwarin da kansu ke shanye iskar da ta rage har su daina ci su daina haihuwa su mutu, shi ya sa in leda ta huje ko ba a ɗaure kowace daban ba aikin banza ne. Ta ce jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ɓullo da shi tare da masu binciken ƙasashenmu. An sa su sun ɗaure buhu da kansu an kuma ba su kwalba biyu ɗaya a rufe ruf ɗaya da ƙofa su riƙa dubawa. Kwalaben suna nan kan taga har yanzu, uwarta na ta faɗa wai an kawo mata ƙwari ɗaki.

An kuma yi musu maganar sassabin zamani, barin tsiron kututture a gona a gyara shi ya zama itace, wanda daga jihar Maraɗi ya faro wajen 1983 yau ana koyarwa a ƙasashe da yawa, da jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har Turai, da noman rani na Jiratawa. Duk abin da ke bayan gidanmu ne amma ba wanda ya taɓa ce wa yaran nan ana yin lisans da mastar har dakta a kansu.

Ɓangaren kuran ma ba laifi. An kawo fano na hasken rana da batir da ragulater da ƴan wayoyi aka raba su rukuni-rukuni kowa ya haɗa ya kunna ƙwai da fanka, aka koya musu lissafin gida mai ƙwai kaza da talabijin da firij fano nawa zai ci batir nawa zai ci. Nan ne fa fizik ɗin da suke haddacewa don jarabawa ya zama abin gani. Mai koyarwar ya gaya musu cewa a IUT, makarantar koyon fasaha ta cikin jami'a, shekara biyu ake a samu difilom na DUT a fita aiki ko a ƙara shekara a yi lisans, kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka kafa a 2010 tana da IUT da sashen noma da muhalli da sashen kimiyya da fasaha da na lafiya, ba dole sai an tafi Yamai ba. Ga mu masu ɗiya mata wannan ba ƙaramar magana ba ce, yarinya ta yi karatunta tana kwana ɗakin uwarta. Mai son ma'adinai kuma aka ce ga makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, aka kawo misalin matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, cewa injiniyoyi da masu kimiyya take ci ba ƴan dako kaɗai ba. Na gine-gine dai sun ɗan taɓa, an buga bulo an yi maganar siminti da yashi, ya wuce.

Sai ranar lafiya da kowa ke jira. Likitar da suka gayyato mace ce, kuma Allah Ya saka mata ba ta yi musu daɗin baki ba. Ta ce karatun likita shekara bakwai zuwa takwas ne bayan bak in ba ka maimaita ba, ga gadin dare, ga jini, ga ranar da za ka fito ka gaya wa uwa ɗanta ya cika. Ta ce wanda ke so don farar riga da a ce mishi dakta ya sake tunani tun yanzu. Sannan ta nuna musu cewa asibiti ba likita kaɗai ba ne, akwai ungozoma akwai mai labo akwai mai haɗa magani akwai mai hoto, kuma ENSP na Yamai da Damagaram suna horas da ma'aikatan jinya da ungozomomi. An koya musu awon tansiyo, an sa su leƙa mikroskop sun ga ƙwayar masassarar sauro a cikin ɗigon jini, daidai lokacin da rabin unguwa ke kwance da ita. Ɗiyata ta dawo shiru. Da dare uwarta ta ce to likita ya aka yi, ta ce "Inna ni labo ya fi kwanta mini, ko dai na asibiti ko na ƙwarin nan." Ban ce mata komi ba, shekara guda ta rage mata ta yi tunani, kuma amfanin kai yaro kafin tarminal kenan.

To yanzu inda suka gaza, don akwai.

Ƴan seri A an cuce su gaskiya. Ɗan ƙanena na tare da ɗiyata a sansanin, shi adabi da tarihi yake so, kuɗi ɗaya muka biya amma duk sati biyun rabin yini aka ware musu, wani ya zo ya yi surutu kan zama lauya ya tafi. Ba ɗan jarida ba alƙali ba mai fassara ba malamin koyarwa, alhali ga ESSCOM, tsohuwar IFTIC, a Yamai ta aikin jarida, ga sashen shari'a da tattalin arziki a jami'ar Tawa, ga na adabi a Damagaram da Jami'ar Abdou Moumouni, ga gidajen rediyo cike da gari da za a iya kai su su ga yadda ake haɗa labarai. Yaron ya ƙare yana riƙe wa wasu waya suna haɗa fano. In ba ku shirya musu ba ku faɗa tun a takarda, kar ku amshi kuɗinsu.

Ranar ordinater kuma abin dariya abin haushi, na'ura kaɗan yara tuli, mutum biyar shida kan guda, ana cikin farawa kuran ya ɗauke kuma ba gurup, mutanen da jiya suka koyar da hasken rana! Sai aka koma allo ana rubuta musu yadda ake furogiram da alli.

Babban giɓin a wurina shi ne maganar kuɗi da hanya. An nuna wa yaro sana'a ta shiga ranshi, to ta ina zai bi? Wane maki ake so a bak, yaya ake neman burs a hukumar ANAB, waɗanne makarantu ne sai da konkur, in ba ka samu burs ba shekara nawa za ta ci maka, wanda ya gama sitaj nawa yake kafin ya ga albashi, ba wanda ya zauna ya warware wannan. Maimakon haka aka kawo wani mai kwat ya yi awa biyu yana haska hotunan attajiran Amurka yana cewa ku yi mafarki babba. Malam, garin Alhazai ka zo, labarin wanda ya fara da tire ya ƙare da tirela mun fi ka sani. Da awa biyun nan aka kira iyaye aka yi zama ɗaya da mu, don a ƙarshe mu ne masu biya kuma mu ne masu cewa a'a.

Lokacin ma akwai magana. Agusta tsakiyar damina, in an kwana ana ruwa wasu unguwannin ba su fituwa, kabu-kabu ya ƙara kuɗi, masu koyarwa su makara yara su zauna har goma. Kuma duba waɗanda suka zo, kusan duka ƴaƴan cikin gari ne ƴan Ali Dan Sofo da Zariya da Sabon Gari. Yaron Madarunfa ko Gidan Runji ko Agye da ya ci birbe da kyar ubanshi ya kai shi lise, a watan nan yana gona yana maimai, ba shi da jika 20 ba shi da masauki, alhali shi ne darasin tsutsar gero zai fi yi wa amfani don gonarsu take ci. Na gaya wa shugabansu haka, ya ce "Alhaji in ƴan kasuwa za su ɗauki nauyin yara goma-goma mu a shirye muke," na ce to ku zo da takarda a rubuce da lissafi mu gani, ba a baki ba.

Abinci dai shinkafa da wake ne yau, gobe taliya, ba yabo ba fallasa, ruwan sha ne ke ƙarewa da wuri sai ka ba yaro ɗan canji. Wajen tarbiyya ban ga abin zargi ba, akwai mata biyu masu kula da ƴan mata, ana tsayawa a yi sallar azahar, kuma in yaro bai zo ba suna kiran uban a waya, wannan na yaba. Takardar shaida da suka raba ranar rufewa da dogayen jawabai kar wani ya ɗauka za ta shigar da yaro jami'a, ta ado ce.

Wanda zai kai nashi baɗi ya nemi jadawalin a rubuce kafin ya biya, ya ga sunan sana'o'in da wanda zai koyar da kowace, ya tambaya ordinater nawa gare su kuma akwai gurup ko babu. Sun buɗe wa yaran guruf na WhatsApp yana nan yana aiki, wani ɗalibin mastar na taimaka musu da atisayen fizik da shimi kyauta duk ƙarshen sati, ku tambaya ko na baɗi ma za a yi musu hakanan.