Wasiƙa ga Ƙannena Masu Son Fita da Kwamfuta a Jaka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, a gaida su Hajiya da duk mutanen gida. Da yawanku kun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: tunda aikina rubuta manhaja ne, kuma masu biyana ba ruwansu da inda nake kwana, wane gari ya fi dacewa mutum ya sauka? Zan ba ku labarin garuruwa uku da na zauna a cikinsu ni kaɗai, wato Akra ta Gana da Kigali ta Ruwanda da Nairobi ta Kenya, in gwada muku kayansu da hidimarsu da abin da muka saba da shi a Kano.

Kun san abin da ya fitar da ni. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da janareta ke ci a wata ya kama hanyar wuce kuɗin cefane. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, mu da ba ma cikin rukunin muka ci gaba da zaman jiran a kawo. Wanda ya ba ka aiki daga wata ƙasa ba ya jin uzurin an ɗauke wuta sau biyu. Na farko zai yi haƙuri, na biyu sai ya nemi wani.

Kafin ku yi sha'awar kowane gari, ku fara duba fasfonku. Garuruwan da ake ta kambamawa a hotuna, su Lisbon ta Fotugal da Bali ta Indunisiya, masu fasfon Turai da Amurka ake wa tallarsu. Mu Fotugal sai da bizar Turai, Indunisiya kuwa ta sa Najeriya cikin 'yan ƙasashen da sai an yi wa mutanensu bincike na musamman kafin a ba su izinin shiga. Akwai ƙasashen da suka fito da biza ta masu aiki daga nesa, amma kowace da sharaɗinta na kuɗi. Morishus ta fara tata a 2020, shekara guda take bayarwa, tana neman shaidar kana samun kamar dala 1,500 a wata. Namibiya ta biyo baya a 2022, wata shida, dala 2,000 a wata. Malesiya kuma dala 24,000 a shekara take nema daga masu aikin fasaha. Wanda bai kai nan ba, ƙofofin da ke buɗe masa suna nan kusa: Gana kwana 90 ba biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, Ruwanda kwana 30 kyauta ga 'yan Afirka, Kenya ma a 2025 ta ɗauke wa mafi yawan 'yan Afirka neman izinin shiga ta intanet. Kada a manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a filin jirgi. A kuma riƙe cewa wannan izinin baƙunci ne, bai ba ka damar neman aiki a kamfanin ƙasar ba.

Akra ita ce wurin da zan tura duk wanda bai taɓa fita ba. In ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, da Hausa za ka yi ciniki, da Hausa za a yi maka kwatance, da Hausa za ka ji wa'azi. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, da dare ga mai tsire. Daddawa, kuka, goro, shadda, telan da ya iya ɗinkin kaftani, duk akwai. Ran Juma'a ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ka ga irin girman da Musulmi da Kirista suke ba Babban Limami Shaikh Usman Nuhu Sharubutu. Sai dai cefane akwai tsada. Albasar da ke kasuwanninsu yawancinta daga Nijar ake loda ta a mota ta yi kwanaki a hanya, shanu daga arewa suke gangarowa, don haka kuɗin da zai cika maka kwando a 'Yankaba a nan rabinsa zai cika.

Abin da ke karya baƙo a Akra shi ne haya. Dokar ƙasar ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma a zahiri shekara ɗaya ko biyu ake nema, ga kuma kason dillali. Gidajen da ake bayarwa wata-wata da kaya a ciki suna Osu da East Legon da makamantansu, kuma da dala ake yi musu farashi. Wuta ta fi ta gida nesa ba kusa ba, amma ana ɗaukewa, ga zafi mai gumi da ke sa dole ka kunna na'urar sanyaya ɗaki mita na ta gudu. Intanet kuma lafiya lau, in ban da irin abin da ya faru ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da Najeriya da maƙwabtansu suka shiga matsalar intanet mai tsanani. Tun daga nan ba na zama ko'ina da layin kamfani ɗaya.

Kigali kuwa wata duniya ce. Gari ne a kan tsaunuka, ba zafi ba sanyi, fanka ma ba kullum ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda abu ke tafiya kamar yadda aka ce zai tafi. Wutarsu ta kati ce, da waya kake saya, in kuma za a yi gyara a layi sai a sanar tun da wuri. Takardun gwamnati da yawa ta shafin Irembo ake nemansu, a biya ta waya, ba sai ka san wani a ofis ba. Ɗan acaɓa yana sanye da riga mai lamba, yana da hular kwano biyu, tasa da taka, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Ya tsaya a danja ko da ba kowa a titi. Bas kuma da kati ake shiga, a taɓa a wuce. Na sha dawowa gida a ƙafa bayan Isha'i da kwamfuta a baya, fitilun titi a kunne, gabana bai faɗi ba.

Tsarin nan yana da nauyinsa, dole in faɗa muku. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata akwai aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, Umuganda, daga takwas na safe zuwa sha ɗaya shaguna a rufe, motoci a tsaye. In kana da jirgi ko ganawa a ranar sai ka shirya tun jiya. Tun 2018 kuma hukumomin birnin suka taƙaita amfani da lasifika wajen kiran salla. Mu da ladan ke tayar da mu, wannan abu ya taɓa ni ƙwarai, sai na koma dogaro da ƙararrawar waya don Asuba. Mutanen garin suna da kunya da kamun kai, ba sa saurin sakin jiki da baƙo, kuma siyasa ba abin hira ba ce a teburin mai shayi kamar yadda muke yi. Baƙo ya kama bakinsa, musamman a kan kisan ƙare dangin da aka yi a ƙasar a 1994.

Don haka na nemi ɗaki a Nyamirambo, unguwar Musulmi, inda garin ke da ɗan hayaniya da rai. A Biryogo an hana motoci shiga wasu layuka, an yi wa ƙasa fenti kala-kala, an jera kujeru, ana shan shayi mai citta da cin gurasar kwano da naman akuya gasashshe har dare ya yi nisa. Akwai kuma shagunan da ba a sayar da komai sai madara. Za ka ga babban tulun ƙarfe mai famfo a kusurwa, a tsiyayo maka sabuwar madara mai zafi ko kindirmo mai sanyi a kofi babba, ka zauna kan benci tare da 'yan acaɓa da ma'aikatan ofis kowa na kurɓa. Kindirmon ya kai na rugar Fulani kauri, fura kawai ya rasa. Dankalin Turawa, fiya, ayaba, wake, ganyen shayi da gahawa duk masu kyau ne kuma da sauƙi. Amma ka fita daga unguwar Musulmi sai ka tambaya kafin ka ci nama, domin alade na da kasuwa a garin. Barkononsu kuwa mai ne a 'yar kwalba kamar ta maganin ido, Akabanga, ɗigo biyu ya ishe ka.

Kayan waje ne tsadar Kigali. Ƙasar ba ta da teku, komai sai ya biyo mota daga Darussalam ko Mombasa. Cajar kwamfuta ko batirin waya da za ka samu a kasuwar Farm Centre ta Kano cikin minti goma, a nan sai ka yi yawo, in ka samu kuma farashin ya ba ka mamaki. Gwanjo ma ba araha, tun da gwamnati ta ɗaga masa haraji a 2016 don ta raya ɗinkin cikin gida, har Amurka ta janye musu rangwamen shigar da tufafi a 2018 ba su ja da baya ba. Wanda zai zo ya zo da kayan aikinsa cikakku, da kaftanansa da hulunansa.

Nairobi ita ce kasuwar. Abin da kwamfuta ke buƙata akwai shi, masu gyara sun ƙware, gidaje da yawa an ja musu wayar intanet tun kafin ka shiga, wuraren zaman aiki na haya kuma sun yi yawa. M-Pesa, hanyar biyan kuɗi ta waya da aka fara a 2007, ta shiga ko'ina, mai kayan miya da kwandastan mota da mai gida duk lamba za su ba ka, sai ka yi mako ba ka taɓa takardar kuɗi ba. A Eastleigh, unguwar Somaliyawa, akwai abincin halal da nonon raƙumi da jallabiya da turare, South C kuma ta fi natsuwa ga mai son zama kusa da masallaci. Amma garin na son hattara. Ba a riƙe waya a bakin tagar mota, ba a yawo da jakar kwamfuta bayan magariba a ko'ina aka ga dama, ga cunkoso mai cinye rabin yini. Yuni da Yuli akwai sanyi na gaske, a zo da rigar sanyi. Kuma Nairobi na gaban Najeriya da awa biyu, Kigali da awa ɗaya, Akra na bayanmu da awa ɗaya. Mai aiki da mutanen Amurka ya yi wannan lissafin, don a Nairobi ganawarsa za ta riƙa kai shi tsakar dare.

Ga yadda nake yi kafin in biya kuɗin ɗaki. Ba na biyan fiye da na 'yan kwanaki sai na kwana a ciki. Ina buɗe famfo da safe in ga ƙarfin ruwa. Ina yin kiran bidiyo da misalin tara na dare, lokacin da duk maƙwabta suka hau intanet, domin gwajin da mai gida zai nuna maka da hantsi ba ya nuna komai. Ina tambayar mai gadi, ba mai gida ba, sau nawa aka ɗauke wuta a makon. A maganar kuɗi kuma, bankunanmu sun taɓa rufe amfani da katin naira a waje tun wajen 2022, sai a 2025 suka fara buɗewa, saboda haka ina riƙe da katin asusun dala, da kuɗin wayar ƙasar da nake, da 'yan daloli a hannu da ba na taɓawa.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne masallacin da zan iya takawa zuwa gare shi. Mai aiki a ɗaki shi kaɗai yana iya yin kwana uku bai yi magana da ɗan Adam ba, abinci a kawo masa bakin ƙofa, kuɗi ya shigo ta waya. Wannan yana cin mutum a hankali. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da ni a Nyamirambo, wani dattijo da muke haɗa sahu ya ga kwana biyu bai gan ni ba, ya tambayi mai shagon madara, aka nuna masa ƙofata. Shi ya kira ɗan acaɓa ya raka ni asibiti, matarsa ta yi ta aiko da abinci har na miƙe. Da a bene mai hawa goma na sauka, irin wanda ake buɗe ƙofarsa da lamba, ba wanda zai san ina ciki. Shi ya sa ko da intanet ɗin wata unguwar ya fi sauri, nake zaɓen wadda za a san fuskata. Ku ƙannena mata, maganar tafiya ke kaɗai ta iyaye ce da malamai, ba ni zan yanke ba. In har an amince, Kigali ta fi kwanciyar hankali a titi, Akra kuma ta fi yawan gidajen da za su riƙe ki kamar 'ya.

Shawarata ga mai farawa, ya yi wata biyu a Akra ya koyi zama shi kaɗai a inda ake jin harshensa, sannan ya gwada Kigali in aikin na son natsuwa, ko Nairobi in yana neman abokan sana'a da sababbin masu ba da aiki. Azumi kuwa, in da hali a yi shi a gida.

Wanda zai taho nan kusa ya riƙo mini daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da yajin ƙuli. A zuba su a gwangwani ko robar da ke da murfi, kada a ɗaure a leda. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya tun 2017, kuma a filin jirgin Kigali in an gan ta a kaya karɓewa ake yi.