Kariya ko furen takarda: wanne zai kai damina da tanki ɗaya?

Hajiya, kin ce kin ajiye tanki mai cin lita 1,000 a ƙarƙashin indararon gidanki a Kano, kuma kin rasa wanda za ki shuka tsakanin kariya da bogenbiliya, wadda wasu ke ce wa furen takarda. Bari mu fara auna ruwan tukuna.

Milimita 1 na ruwan sama a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1 lita 1 yake bayarwa. In kwanon da ke zuba a indararon ya kai murabba'in mita 40, ruwan milimita 25 ya cika tankin, wato ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta. Wahalar tana gaba. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa faɗuwarsa a ƙarshen Mayu ko Yuni mako 30 ne ko fiye, kin ga kasonki bai wuce lita 33 a mako ba, jarkar ɗan garuwa ɗaya da 'yan kai.

Kariya 'yar gida ce. A dajin Sahel take fitowa ba mai ba ta ruwa, har can ƙasashen Larabawa. Kumburarren gindin nan nata shi ne randarta, a nan take ɓoye abin da za ta sha da rani. In hunturu ya shigo sai ta kaɗe ganye, ta bar rassa tsirara, sannan ki ga jan fure mai farin ciki ya fito a kansu. A tukunya, ban ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta ko a zafin Afrilu. Abin da ke kashe ta ba ƙishirwa ba ne, ruwan marka ne. In tukunyar ba ta da huji, ko ƙasar laka ce, gindin zai yi laushi ya ruɓe. Ki haɗa mata ƙasa da yashi mai yawa, ki riƙa danna gindin da yatsa. In yana da tauri, lafiya lau take. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba a sassan Afirka ke shafa wa kibiya, don haka ki ɗaga ta inda hannun yara da bakin akuya ba sa kaiwa.

Furen takarda baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, amma ta saba da ranarmu. Ta fi kariya cika ido nesa ba kusa ba, tana hawa katanga ta rufe ta ruf, ƙayarta kuma ta zama shinge. Ita ma yawan ruwa ganye yake sa ta yi, sai ta ɗan ji ƙishi take yin fure. To amma juriyarta sai saiwa ta nutse a ƙasa. A raninta na farko dole a bi ta da ruwa, in kuwa a tukunya take, ba za ta daina nema ba. Guda biyu a tukunya za su iya shanye kason makon nan su kaɗai a watan Maris.

Ni dai da tanki ɗaya, kariya zan jera a tukwane, in dasa furen takarda guda ɗaya tak a ƙasa, jikin katangar da ta fi samun rana. Ki dasa ta a farkon Yuli don damina ta raine ta kyauta, ki rufe gindinta da busasshen ganye in rani ya yi.

Ruwan farko kuma kada ya shiga tanki, ƙurar rani da kashin tsuntsaye yake wankowa daga kwano. Ki sa raga a bakin bututun, murfin ya zauna daram saboda sauro, tankin kuma ya kasance a inuwa.